SAMUEL COLT DA GYARAN LIBARBA MAI ALBARUSHI

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da 'yan bindiga ran Hawan Salla a Kano ya ga irin hidimar da a ke yi wa adaka kafin ta yi magana. A zuba albarushi, a cusa tsumma, a danna da sanda, sa'an nan a ja kunama, ta tashi ko ta ƙi. In ma ta tashi, sau ɗaya ne, sai a koma farko. A wurin biki wannan ba kome ba ne. Amma ga maharbin da ɓauna ta taso wa, ko sojan da ke bisa doki tsakiyar abokan gaba, bindigar da ta ƙi tashi ita ce ajalinsa. Mutumin da za mu ba masu karatu labarinsa yau, watau Samuel Colt na ƙasar Amurka, a kan neman maganin wannan abu ya ƙare kwanakinsa.

Galibi a kan ce shi ya ƙago libarba. Wannan magana tana bukatar gyara. Tun cikin 1818 wani Ba'amurke mai suna Elisha Collier ya karɓi takardar mallaka a Landan a kan wata bindiga mai ganga mai juyawa, wadda a ke tashinta da ƙanƙara, kuma kafin tasa ma an yi waɗansu. Duk ba su je ko ina ba, sabo da tsada da yawan lalacewa. Abin da Colt ya yi shi ne, ya ɗauki abin da a ke kallo kamar kayan wasan masu kuɗi, ya bi aibobinsa ɗaya ɗaya yana gyarawa har shekara ashirin da biyar, sai da ya zama abin da mutum zai dogara da shi. A ganinmu wannan ya fi ƙagowar wuya.

An haife shi ran 19 ga watan Yuli, 1814, a garin Hartford cikin jihar Connecticut. Ubansa, Christopher Colt, ɗan kasuwa ne, daga baya ya riƙe wata masaƙa a garin Ware. Uwarsa ta rasu da tarin fuka tun yana ƙarami. Karatu bai dame shi ba, hankalinsa duk yana wajen albarushi. Ran bikin 'yancin Amurka na 1829, bai ko cika shekara 15 ba, ya tara jama'a a bakin wani tafki da alkawarin zai tarwatsa waɗansu gungume da aka ɗaure bisa ruwa. Nakiyar da ya binne ƙarƙashin ruwa ta tashi, amma ta kuskure gungumen, ta jiƙa 'yan kallo sharkaf cikin tufafinsu na biki. Da shekara ta kewayo wani wasan wuta irin wannan ya jawo gobara a makarantar Amherst inda aka kai shi, ƙarshen karatu ke nan. Uban ya sa shi a wani jirgin ruwa mai suna Corvo da za shi Kalkata ta ƙasar Indiya, don ya koyi aikin jirgi. A cikin wannan tafiya ce ya sassaƙa siffar bindigarsa da itace. An ce dabarar ta zo masa ne daga kallon yadda ma'aikatan jirgi ke juya wata na'ura, su kuma tsai da ita cak da ɗan haƙorin ƙarfe.

Ya kamata mu tsaya nan mu bayyana yadda bindigar ta ke, don in ba a gane ta ba, ba za a gane gyare-gyaren ba. Bututu ɗaya ne, amma a bayansa akwai 'yar ganga ta ƙarfe mai rami biyar ko shida. Ko wane rami a kan zuba masa albarushi ta gaba, a ɗora ƙwallon dalma, a danna. A bayan ko wane rami kuma akwai ɗan tsinin ƙarfe mai huda, wanda Turawa ke kira nono, a kan kifa masa wata 'yar hular tagulla mai ɗan magani a ciki, wanda ke kamawa da wuta in an buge shi. Wani limamin Kirista na ƙasar Sikotland, Alexander Forsyth, shi ya fara tashin bindiga da irin wannan magani, ya karɓi takardarsa cikin 1807, hular kuwa sai bayan 1820 ta bazu. In an ja kunama, wata 'yar guduma ta sari hula, wuta ta bi ta hudar nono ta kama albarushi. Dabarar Colt ita ce, da zarar mutum ya ɗana gudumar da babban yatsa, wani ɗan hannu a ciki zai tura gangar ta juya rami ɗaya, wata 'yar sakata kuma ta shiga ta riƙe ta daidai saitin bututu.

Da ya komo gida, uban ya biya maƙera masu araha su yi masa ta gwaji. Ta fashe a hannun masu gwadawa, uban kuwa ya janye jikinsa. Sai Colt ya shiga yawon garuruwan Amurka da Kanada da sunan Dokta Coult, yana shaƙa wa mutane iskar nan mai sa dariya, ana biyansa kuɗin kallo. Abin da ya samu ya riƙa aika wa wani gwanin maƙerin bindiga a Baltimore, John Pearson, yana ƙera masa samfuri. Ya karɓi takardar mallaka a Ingila cikin 1835, ta Amurka kuma ran 25 ga Fabrairu, 1836, aka kafa kamfani a garin Paterson na jihar New Jersey.

Aibin farko da ya yi fama da shi shi ne mafi haɗari. Mutum ya harba rami ɗaya, sai biyu ko uku su tashi gaba ɗaya, harsasan da ba su saitin bututu su fita ta gefe. A samfuransa na fari Colt ya rufe gangar gaba da baya da faifan ƙarfe, don kyau da kare ta daga ruwa. Ashe murfin nan ne ke tare wutar yana mai da ita ga sauran ramuka. Ya cire shi. Ya bar katangar ƙarfe tsakanin nono da nono, don wutar wata hula kada ta kai ga maƙwabciyarta. Ya ɗan fiƙe leɓen ko wane rami a karkace, yadda harshen wutar da ke fita tsakanin ganga da bututu zai zame waje maimakon ya faɗa ramin kusa. Ƙwallon dalma kuma a kan yi shi ya ɗan fi ramin girma, in an danna shi ya matse ya toshe ramin ƙam.

Aibi na biyu wajen ɗuri ne. Libarbar Paterson sai an kwance bututunta kafin a cika ta, da wani ƙarfe dabam wanda in ya ɓace a daji an shiga uku. Cikin 1839 aka liƙa mata madanni a ƙarƙashin bututu. Duk da haka hukumar soja ba ta yi na'am da ita ba, ta ce ta yi tsada, kuma ƙananan ƙarafan cikinta sun yi yawa. Gaskiyarsu ce. Yawancin aikin da hannu a ke gamawa, ƙarfen wannan ba ya shiga waccan. Kamfani ya karye cikin 1842. Colt ya koma gwajin nakiyar ruwa, da shimfiɗa wayar tangaraho tare da Samuel Morse.

Daga Teksas taimako ya zo masa. Gwamnatin can ta sayi libarba 180 domin sojan ruwanta, daga baya suka faɗa hannun 'yan sintirin kan iyaka masu dawaki. Cikin 1844 kimanin mutum 15 daga cikinsu, ƙarƙashin Jack Hays, suka yi karo da mahayan kabilar Comanche da suka ninka su sau da yawa, suka kore su. Kada mu manta Comanche su ne 'yan ƙasa na asali, kuma abin da Turawan Teksas suka ɗauka nasara, a wajensu mafarin masifa ne. Da yaƙi ya tashi tsakanin Amurka da Meksiko cikin 1846, ɗaya daga cikin mutanen Hays, Kyaftin Samuel Walker, ya nemi Colt, ya gaya masa abin da mahayi ke bukata: rami shida, harsashi mai kauri, kunama tsayayya mai kariya, da madanni a jiki. Cikin Janairu, 1847, Gwamnati ta ba da odar guda 1,000. Colt ba shi da ma'aikata ko ɗaya a lokacin, sai a ta Eli Whitney ƙarami aka ƙera su.

Wannan bindiga da a ke kira Walker ƙatuwa ce, nauyinta laba huɗu da rabi, bututunta inci tara, a jikin sirdi a ke rataye ta. Ƙarfi kam tana da shi, amma filin daga ya tona asirinta. Kusan 300 aka komo da su sabo da fashewar ganga, don ƙarfen bai kai ga yawan albarushin da ramukan ke ci ba, kuma waɗansu sojoji da ba su saba da harsashi mai tsini ba su kan sa shi a juye, albarushi ya ƙara samun wuri. Ga kuma wani ɗan aibi mai kama da abin dariya, wanda ya isa ya kashe mutum. In ta yi harbi ta zabura, madannin ya kan kuɓuce ya faɗo, kansa ya shige bakin rami, ganga ta ƙi juyawa. Sojoji suka riƙa ɗaure shi da igiyar fata. Walker kansa bai ga gyaran ba, an kashe shi a Huamantla cikin Oktoba, 1847.

Colt bai tsaya musu ba. Da ribar wannan oda ya buɗe ma'aikatarsa a Hartford, cikin 1848 ya fito da wadda a ke kira Dragoon. An gajarta gangar, albarushin da rami ke ci ya ragu da kashi ɗaya cikin shida. An rage bututu ya koma inci bakwai da rabi. An sa sakata a can ƙarshen madanni ta kama shi da bututu. Ana nan kuma aka sāke siffar gurbin da sakatar ganga ke faɗawa, aka yi masa 'yar hanya a gaba don sakatar ta zame ta shiga ko da an ɗana da sauri. Aka sa ɗan gare a gindin guduma don ɗanawa ta yi laushi. Aka dasa 'yan ƙusoshi tsakanin nonna, inda mutum zai kwantar da gudumar in yana tafiya, kada ta zauna bisa hula ta tashi in an yi tuntuɓe. Mai karatu zai ga babu ko ɗaya cikin waɗannan da za a kira babbar ƙira. Ko wanne gyaran ɗan abu ne da bai kai faɗin farce ba, kuma kusan ko wanne daga ƙorafin masu aiki da bindigar ya fito.

Akwai kuma maganar kunkunniya. Albarushi ba ya ƙonewa sarai, ya kan bar baƙin datti mai yawa, wanda ke taruwa a kan sandar da ganga ke juyawa a kanta har ta cije. Colt ya yi sandar nan da kauri, ya yi mata zare-zare da ke riƙe maiƙo. Bututun kuwa wani ɗan weji ne ke riƙe shi da sandar, in an buge wejin sai bindiga ta rabu uku a wanke ta. Libarbar kamfanin Remington da ta zo daga baya ta fi ta Colt ƙwari, don tana da gadar ƙarfe ta bisa ganga, amma sandarta siririya ce, ta fi saurin cijewa.

Daga nan kasuwa ta buɗe. Ƙaramar libarba ta aljihu da ya fitar cikin 1849 an yi fiye da 300,000, wadda a ke kira Navy ta 1851 kuwa wajen 250,000. Yin irin wannan adadi ba aikin masaba da magagari ba ne, kuma a nan ne sunan wani mutum ya kamata ya shigo, wanda a kan manta da shi. Cikin 1849 Colt ya ɗauko Elisha Root daga wani kamfanin ƙera gatura, ya ba shi riƙon ma'aikata. Root ya tsara injuna, ko wanne da aikinsa guda: wannan ya buga jan ƙarfe cikin zubi ya ba shi siffa, wannan ya huda ramukan ganga, wancan ya yanke gurbin sakata. Ko wane ƙarfe kuma sai an gwada shi da ma'aunin ƙarfe da aka yi musamman dominsa, in bai shiga daidai ba a yar. Amfanin wannan ga amincin bindiga a fili ya ke. In ramin ganga ya kauce wa saitin bututu ko da kaurin gashi kaɗan ne, harsashi zai daki gefe. Hannun gwani ya kan dace yau ya kuskure gobe, amma ma'auni ba ya gajiya. Sai dai masu binciken tarihi da suka kwance tsofaffin bindigoginsa sun tarar ƙarafan ba su musanyuwa sarai kamar yadda ya ke faɗa. A ƙarshe dai sai mai magagari ya ɗan shafa, shi ya sa a ke buga lamba ɗaya a kan manyan ƙarafan ko wace bindiga don kada su rabu.

Cikin 1851 ya kai kayansa babban bajekolin duniya na Landan, ya kuma yi lacca gaban ƙungiyar injiniyoyin Ingila. Ya buɗe ma'aikata a bakin kogin Thames cikin 1853, ta yi aiki har 1856. Majalisar Ingila ta kira shi ya ba da shaida cikin 1854, bayan haka Gwamnatin Ingila ta sayo injunan Amurka ta zuba a ma'aikatar bindigoginta ta Enfield. A gida kuma ya sayi wata fadama a bakin kogin Connecticut, ya yi mata madatsi mai tsawon kusan mil biyu don tare ambaliya, ya gina babbar ma'aikata da aka gama cikin 1855, da gidajen ma'aikata kewaye da ita. Samari da yawa sun koyi aikin awo da yankan ƙarfe a wurin Colt. Biyu daga cikinsu, Francis Pratt da Amos Whitney, su suka kafa kamfanin Pratt & Whitney cikin 1860, mai ƙera injunan yankan ƙarfe da ma'aunai. Daga irin waɗannan hannuwa ne ƙirar keken ɗinki da basukur da keken rubutu ta bunƙasa a wannan yanki.

To, mu waiwayo gida. A shekarar nan ta 1851 da Colt ke nuna kayansa a Landan, cikin watan Fabrairu, Bature matafiyi Heinrich Barth, wanda aka sani a ƙasarmu da Abdulkarim, ya shigo Kano. Ya yaba da saƙa da rini da dukancin birnin, ya kuma lura cewa a gidaje a ke yinsu, iyali da iyali, ba a manyan ma'aikatu ba. Ƙira ma ba a bar mu a baya ba. A Damagaram, Sarki Tanimu ya sa an yi masa igwa da albarushi a cikin garinsa. Maƙeranmu sun iya gyaran adaka, sun iya sāke mata kunama, har su mai da mai ƙanƙara ta koma mai hula. Abin da ba mu yi ba shi ne ma'auni ɗaya da kowa zai bi. Ko wace adaka ita kaɗai ce irinta, in ƙarfenta ya karye sai a ƙera mata wani a jikinta, kuma gwanintar tana kan maƙerin, ran da ya rasu ta bi shi.

Da aka buɗe unguwar ma'aikatu ta Bompai a shekarun 1950, aka bi da Sharaɗa da Challawa bayan an ƙirƙiro Jihar Kano cikin 1967, injuna sun shigo da yawa, na matsar man gyaɗa, da saƙa, da jima, da robobi, da alewa. Amma injunan da kayan gyaransu daga waje su ke zuwa. Tun daga tsakiyar shekarun 1980 ma'aikatu da dama suka rufe, kuma cikin dalilan, ban da ƙarancin lantarki da kwararowar kayan waje, akwai tsadar kuɗin musaya na sayo ɗan ƙarfen da ya karye. Mun sami irin ginin Colt, ba mu sami irin ɗakin Root ba, watau inda a ke yin injin da ke yin inji. Ba muna cewa a shiga ƙera bindiga ba ne. Dokar makamai ta 1959 ta hana ƙira ko gyara sai da izni, kuma ƙasa tana da ma'aikatarta ta makamai a Kaduna tun 1964. Maganarmu a kan awo ce. Malamin da ya tsaya har yaro ya iya karanta ma'auni daidai, ya iya zana ƙarfe a takarda yadda wani a wani gari zai yanka shi ya shiga gurbinsa, aikin Bompai ya ke yi, ko da bai taɓa taka ƙafarsa can ba.

Colt ba waliyyi ba ne. Mutum ne mai son a san shi, mai rabon bindigogi masu ado ga sarakuna da hafsoshi don neman oda, har an zarge shi da neman sayen 'yan majalisa cikin 1854 a kan ƙara wa'adin takardarsa. A zamanin yaƙin Kirimiya ya yi ciniki da Ingila, ya yi da Rasha. Ya yi ta aika makamai jihohin kudu har gab da tashin yaƙin basasar Amurka cikin 1861. Kuma duk da kunnen da ya ke ba masu ƙorafi, ya yi babban kuskure guda. Wani ma'aikacinsa, Rollin White, ya kawo masa shawarar a huda ramukan ganga su zarce har baya, yadda za a cusa ɗuri ta nan. Colt ya ƙi. White ya karɓi takardarsa cikin 1855, ya ba kamfanin Smith & Wesson, waɗanda suka haɗa dabarar da harsashi mai kwanson tagulla, wanda albarushi da dalma da maganin wuta duk suna ciki. Kamfanin Colt bai sami damar bin wannan hanya ba sai da wa'adin takardar ya ƙare cikin 1869.

Libarbarsa ta ƙarshe mai suna, watau Army ta 1860, an yi ta da ƙarfe mafi kyau, harsashinta ɗaya da na Walker wajen kauri, amma nauyinta bai kai laba uku ba. An yi wajen 200,000, ita ce sojan arewa suka fi riƙewa a yaƙin basasa. Colt bai ga ƙarshen yaƙin ba. Ya rasu a Hartford ran 10 ga Janairu, 1862, yana da shekara 47, ya bar dukiya wajen dala miliyan 15. Root ya riƙe kamfanin. Cikin Fabrairu, 1864, gobara ta cinye babban sashen ma'aikatar, matarsa Elizabeth, wadda ya aura cikin 1856, ta sa aka sāke ginawa.

Aibi guda ne ya gagare shi har ya mutu, shi ne na hula. In an yi harbi hular ta kan tsage, guntunta ya manne a fuskar guduma, in an sāke ɗanawa ya faɗa cikin cikin bindiga ya cije kome. Ya yi wa guntayen 'yar kwata ta gefen dama su bi su fita, amma ba kullum su ke bi ba, har mahaya suka saba da ɗaga bakin bindiga sama ko karkata ta in za su ɗana. Harsashi mai kwanso ne ya kawar da matsalar, kamfanin ya daina yin mai hula cikin 1873. Tun wajen 1959 waɗansu kamfanonin ƙasar Italiya, irin su Uberti, suka koma ƙera kwaikwayon libarbar Colt domin masu wasan harbi da masu shirya sinima, kuma aibin nan ya biyo su. Maƙeran da ke gyara su a yau su kan sāke nonna don hula ta zauna daram, su goge fuskar guduma ta yi santsi, su daidaita tsawon sandar ganga da weji, waɗansu kuma su dasa ɗan ƙusa a gaban gudumar, wanda zai tare guntun hula kada ya koma baya.